Zumunta a Ƙafa Take: Agajin 'Yan Katolika a Idon Wani Akawu na Panshekara

Talaucin Panshekara talauci ne na masu aiki. Baƙo zai ɗauka garin da ke jingine da masana'antun Challawa, ga Sharada a gaba kaɗan, ba zai rasa abin sawa a baki ba. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar kamfani bayan sallar asuba ya san yadda abin yake: samari da magidanta a jere, wasu a ƙafa wasu a keke, suna jiran a leƙo a ce yau mutum kaza ake so. Wanda aka ɗauka ya samu na cefanen yini. Wanda ba a ɗauka ba ya juya gida, yaran da ya bari suna barci kuma za su tashi su nemi koko. Masaƙu da yawa da suka riƙe Kano a da sun rufe tun tuni saboda rashin wuta da kwararowar kayan waje masu araha, majemun fata da kamfanonin roba da na lemo da suka rage kuwa ba za su iya ɗaukar kowa ba.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta faɗa a 2022 cewa 'yan Najeriya miliyan 133 ne ke cikin talaucin da ya haɗa rashin abinci da rashin makaranta da rashin asibiti da ruwa mai tsabta, kuma Jihar Kano ce ta fi kowace yawansu, sama da miliyan 10. Wannan lissafin an yi shi ne kafin a cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Bayan nan gwamnatin Kano ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 71,000 a 2024, a shekarar da buhun shinkafa ɗaya ya wuce wannan kuɗin. Leburan yini ma ba ya cikin wannan lissafi, domin shi ba albashi gare shi ba.

Ni Musulmi ne, a Kumbotso aka haife ni, kuma na yi aikin akawun sito a wata majema a Challawa shekaru masu yawa. Aikina ƙirga ƙirgi da gishiri da gangunan sinadari, in rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Mutumin da ya saba da rajista yana duba al'amura da irin idonta, kuma da wannan idon ne na kalli aikin agajin 'yan ɗarikar Katolika. Yawan kuɗinsu bai taɓa burge ni ba, domin waɗanda na sani ba su da shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne suna zuwa gidan mutum, suna rubutawa, suna kuma komawa.

Wanda ya nuna mini haka wani dattijo ne mai gyaran wutar lantarki a kamfaninmu, mutumin Kudancin Kaduna, da Hausarsa rangaɗaɗau. Baba muke ce masa, shi kuma Akawu yake ce mini. Yana cikin wata 'yar ƙungiya ta cocinsu mai suna Vincent de Paul. Da idonsa ya fara rauni sai ya riƙa kawo mini wani littafi mai baƙin bango lokacin hutun rana, in ja masa layuka da rula. Shi yake faɗa mini kan kowane layi: ranar ziyara, yara nawa ne a gidan, nawa ke zuwa makaranta, me aka kai, me aka yi alkawari, yaushe za a koma. Idan ya buɗe tsohon shafi don in ga yadda aka ja na baya, sai ya ɗora tafin hannunsa a kan layin sunaye. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Akawu, wataƙila akwai wanda ka sani a ciki. Ai bai kamata ka ji daga wurina cewa gidansa ba a ɗora tukunya ba."

Tsarin nasu ba shi da wuyar fahimta. Mutane ƙalilan ne, maza da mata, masu ƙananan sana'o'i da ma'aikata da 'yan fansho. Suna haɗuwa a kai a kai, su yi addu'a, sannan kowa ya ba da labarin gidajen da ya je. A ƙarshen zama a zagaya da jaka, kowa ya cusa hannu ya saki abin da ya sawwaƙa, ba wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya sa. A ƙofar coci ranar Lahadi akwai akwatinsu, wasu kuma su kawo kwanon masara, tsofaffin tufafi, sabulu, takalman yara. Ba sa zuwa gida mutum ɗaya, sai biyu-biyu, don kare mutuncin mai gida da na mai ziyara, don kuma kada a ce wani ya karkatar da kaya. Idan gidan bazawara ne ko matar da mijinta ya rasu, mata ne ke shiga.

Ziyarar ce take bambanta su da mai raba sadaka a bakin titi. Wanda ya tara mutane a layi ya miƙa musu leda, waɗanda suka iya fitowa kawai yake gani, masu ƙarfin turereniya da waɗanda kunya ba ta hana su. Wanda ya shiga gida kuwa zai ga tsohuwar da ba ta iya tashi, da yarinyar da aka cire daga aji huɗu don ta yi tallan awara, da jaririn da gashinsa ya yi ja cikinsa ya kumbura saboda tamowa. Zai kuma gane cewa abin da gidan ke buƙata ba lallai shinkafa ba ce. Wani gidan kuɗin haya ne ya taru, mai gida na shirin fitar da kayansu waje. Wani kuɗin jarrabawar NECO ne ya tsare yaro mai ƙoƙari. Wata matar keken ɗinkinta ne aka jinginar lokacin jinyar miji, in an fanso shi ta tsaya da ƙafarta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ka zauna a tabarmarsa zai faɗa maka.

Wannan ƙungiya ta girmi Najeriya. A birnin Paris aka kafa ta a 1833, lokacin da wani ɗalibi ɗan shekara 20 mai suna Frédéric Ozanam da abokansa suka ji zafin gorin da ake yi musu cewa cocinsu ya iya wa'azi amma ba ya taɓuka wa matalauta komai. Wata sista, Rosalie Rendu, ta nuna musu lungunan da mabuƙata suke, suka fara da kai itacen jin ɗumi da burodi. Sun sa wa ƙungiyar sunan Vincent de Paul, wani fada Bafaranshe da ya rasu a 1660 bayan ya ƙarar da rayuwarsa kan marayu da jariran da aka yar da fursunoni. Yau tana ƙasashe sama da 150, kuma ƙa'idarta ita ce a taimaki mabuƙaci ba tare da duba addininsa ba. Baba ya ce mini akwai gidajen Musulmi a littafinsa. Ban ga sunayen ba, amma na san wata maƙwabciyarmu da aka biya wa kuɗin ƙarin jini ranar da haihuwa ta zo mata da gardama, kuma ita da bakinta ta faɗi inda kuɗin ya fito.

A Kano, aikin Katolika da ya fi daɗewa a idon jama'a shi ne makaranta. Turawan mulkin mallaka sun taƙaita 'yan mishan a masarautun Musulmi, shi ya sa coci-coci suka taru a Sabon Gari, inda babban cocinsu na Fatima yake. A 1948 sistocin St. Louis suka iso Kano daga ƙasar Ayalan, nan ne kuma masaukinsu na farko a Najeriya. Makarantar 'yan mata ta St. Louis da ke Bompai ta yaye 'ya'yan Kirista da na Musulmi masu yawa, haka ma St. Thomas ta maza. Sai dai gaskiya ɗaya ce: makarantun mishan a yau na kuɗi ne, ɗan leburan Challawa ba zai shiga ba sai wani ya ɗauki nauyinsa. Don haka idan ana maganar talakan Panshekara, ba waɗannan gine-ginen ne suka fi kusa da shi ba. Waɗanda suka fi kusa da shi su ne irin su Baba, da matan Zumunta na coci masu ɗaurin zane iri ɗaya, waɗanda ke haɗa kuɗi su kai wa mai jego da mai zaman makoki, da yaran da ake koya wa su riƙa ajiye wani abu daga kuɗin tararsu don wasu yaran, al'adar da ta samo asali daga wata ƙungiyar yara da aka kafa a Faransa a 1843.

Sama da waɗannan akwai tsarin hukuma. A tsarin cocin, an ware Kano daga Kaduna a 1991, ta zama cikakkiyar dayosis a 1999, Bishop John Namaza Niyiring ne ke jagorantarta tun 2008. Kamar sauran dayosis na Najeriya, tana da ofishin da ke kula da adalci da raya al'umma da zaman lafiya, wanda aka fi sani da JDPC. A matakin ƙasa bishop-bishop sun kafa Caritas Nigeria a 2010, reshe na wata babbar ƙungiya da ta faro a Jamus a 1897. Akwai kuma CRS ta bishop-bishop ɗin Amurka, wadda aka kafa a 1943. Su ne masu motoci da ofisoshi da manyan shirye-shirye, irin su rabon gidan sauro da tallafin marayu da koya wa iyaye mata haɗa kunun Tom Brown daga gero ko dawa da waken suya da gyaɗa, wanda aka yi amfani da shi sosai a Borno da Yobe wajen farfaɗo da yara masu tamowa.

Daga cikin shirye-shiryen nan akwai ɗaya da nake so in daɗe a kansa, domin tushensa a ƙasar Hausa yake. A 1991 ƙungiyar CARE, wadda ba ta addini ba ce, ta fara wani tsari da matan karkara a yankin Maraɗi, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Adashi suka ɗauka suka gyara. A adashin da muka sani, kowa ya yi zubi mutum ɗaya ya kwashe, in buƙata ta taso maka kafin kwasarka sai haƙuri, in uwar adashi ta gudu kuma shi ke nan. A sabon tsarin, mata kamar ashirin zuwa talatin ne ke zubi a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban, akwatin a ɗakin ta huɗu. Ba a buɗe shi sai gaban kowa, a ƙirga kuɗin da ƙarfi kowa na ji. Mai buƙatar jari ta ranta daga ciki ta biya cikin 'yan watanni. A gefe akwai ƙaramin asusu na ko-ta-kwana, don rashin lafiya ko rasuwa ko gobara. Bayan kamar shekara a fasa a raba, kowa gwargwadon zubinta. CRS ta ɗauki wannan dabara ta yaɗa ta a ƙasashe da yawa da sunan SILC, har da Sakkwato da Kebbi a wani shirin noma da abinci mai gina jiki da ta gudanar daga 2013. 'Yan ƙungiya ne ke tsara dokokinsu da kansu, saboda haka matan Musulmi suna iya yarda cewa ba za a ɗora kuɗin ruwa a kan rance ba.

A matsayina na akawu, wannan shi ne agajin da na fi girmamawa. Ba wanda ya kawo kuɗi daga waje. Abin da aka kawo akwati ne da littafi da horo. Matar da ke soya ƙosai a ƙofar kamfani ba ta rasa dabara ba, abin da ta rasa shi ne wurin da naira ɗari biyar ɗinta za ta kwana ba tare da buƙatar gida ta cinye ta ba.

To, sai maganar da ke zuciyar mai karatu Musulmi tun daga layin farko: ba tarko ba ne? Ba da shinkafa ake jan yaro a canza masa addini ba? Ba zan raina wannan tsoro ba. Uba yana da haƙƙin sanin wanda ke kusantar ɗansa da abin da yake koya masa, kuma tarihin mishan a Afirka ya haɗa makaranta da asibiti da wa'azi wuri ɗaya, ba wanda zai musa. Mun ga yadda ƙura ta tashi a ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019, lokacin da Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato ya yi maganar koya wa almajirai miliyan 10 sana'a, ƙungiyar Musulmi ta MURIC ta fito ta ce ba ta yarda ba. A ɓangaren Katolika kuwa, Fafaroma Benedict na 16 ya rubuta a wasiƙarsa ta 2005 kan ƙauna cewa bai halatta a mai da agaji hanyar jan mutane zuwa addini ba. Rubutu daban, aiki daban, na sani. Shi ya sa ni ma'aunina mai sauƙi ne: agajin da ya bar yaro a hannun uwarsa, a unguwarsu, a makarantar allonsa, da sanin mai unguwa, ba ni da fargaba a kansa. Wanda ya ce sai an ɗauke yaro an kai shi wani wuri da iyaye ba sa gani, ko daga wace ƙungiya ya fito, a tsaya a yi tambaya. Irin aikin su Baba na farkon ne. Ban taɓa jin ya yi wa wani wa'azi a kan kwanon masara ba.

A Nijar an ga yadda za a iya yin abin a fili. Wata sista 'yar Senegal, Marie Catherine Kingbo, ta zo Maraɗi a 2006 ta kafa ƙungiyar sistoci a yankin da kusan kowa Musulmi ne. Sun buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa a Ɗan Bako da makaranta a Tibiri. Abin da ya sa aikinta ya zauna shi ne ta riƙa tara limamai da masu gari tana tattaunawa da su kan lafiyar mata da karatun 'ya'ya mata da aurar da yara ƙanana, ba ta zagaye su ba. Ta rasu a 2021.

Akwai wani abu kuma da nake ganin ya shafi Challawa da Sharada da Bompai fiye da buhun shinkafa. A 1891 Fafaroma Leo na 13 ya fitar da wata wasiƙa kan halin ma'aikatan masana'antu, inda ya ce ladan ma'aikaci dole ya ishe shi ya riƙe kansa da iyalinsa, yana da haƙƙin shiga ƙungiya, kuma kada a sa yara aikin da ya fi ƙarfinsu. Fafaroman yanzu, wanda aka zaɓa a watan Mayun 2025, ya ɗauki sunan Leo na 14 ne don tunawa da shi, kuma ɗan ƙungiyar Agustinawa ne kamar bishop ɗin Kano. Ina so in ji wannan koyarwa da ƙarfi a nan. Yawancin gidajen da ke cikin littafin Baba ba na malalata ba ne. Gidaje ne na mutanen da suka yi shekaru suna aiki ba takardar ɗauka, ba fansho, wanda in inji ya ci yatsunsa ko sinadari ya ƙona masa fata, aikin ya ƙare ke nan. Agaji yana share hawayen irin wannan gida, amma albashi mai kyau da zai hana shi shiga littafin tun farko. Limaman Juma'a da fada-fada duka suna da masu kamfani a sahun gabansu, kuma duka addinan biyu sun yi magana mai nauyi kan haƙƙin ɗan ƙwadago.

Mu Musulmi ba mu rasa tanadi ba. Muna da zakka da waƙafi da zakkar fid-da-kai, ga falalar riƙon maraya da kowane yaro ya ji a Islamiyya. Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, ta Sakkwato ma ta yi suna wajen tsari. A ganina, abin da attajiran Kano ke fitarwa a watan azumi kaɗai ya ninka abin da duk akwatunan coci-cocin garin za su tara. Inda nake ganin giɓi shi ne a ƙasa, a matakin masallacin unguwa: wa ke riƙe da jerin marayun layinmu? Wa ya san wane yaro ne bai koma makaranta ba wannan zangon? Wa zai koma bayan Sallah ya ga ko buhun da aka kai ya ƙare? Akwai unguwannin da ke da kwamitin marayu masu ƙoƙari, na san wasu, Allah Ya saka musu. Amma a wurare da yawa alherinmu yana zuwa da yawa a wata ɗaya, sauran watanni goma sha ɗaya kuma bazawara ta san yadda za ta yi.

Shekarar 2025 ta gwada manyan ƙungiyoyin. A watan Janairu gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ta hukumar USAID, daga baya ta rufe hukumar gaba ɗaya. CRS na cikin waɗanda suka fi karɓar kuɗi daga can, don haka ta rage ma'aikata ta tsayar da shirye-shirye a ƙasashe da yawa. Ƙananan ƙungiyoyi irin ta Baba wannan bai taɓa su kai tsaye ba, domin dama ba dala suke ci ba. Abin da ya taɓa su tsadar kasuwa ce: mai sa kuɗi a jaka shi ma albashinsa bai ƙaru ba, masu ƙwanƙwasa ƙofa kuma sun ƙaru.

Baba ya yi ritaya, amma bai bar ziyara ba. Da muka haɗu a kasuwa gab da komawar yara makaranta na tambaye shi yadda suke yi da wannan tsada. Ya ce sun zauna sun yi gardama mai zafi, wasu na cewa a raba abin da ke akwai daidai wa daida, wasu na cewa a zaɓa. A ƙarshe suka rage rabon hatsi, suka bar shi ga tsofaffi da gidajen da ke da jarirai, sauran kuɗin suka tura wa yunifom da littattafai da kuɗin jarrabawa. Na ce, "Baba, yunwa fa ba ta jira." Ya ce, "Haka ne, Akawu. Amma mai jin yunwa maƙwabta suna jin kukansa, wani zai miƙo masa tuwo ta katanga. Yarinyar da ta daina zuwa makaranta ba wanda ke jin komai, sai dai a ga ta fito da faranti a ka. In ta yi zango biyu a gida, da wuya ta koma." Sannan ya tambaye ni ko na san telan da zai ɗinka musu yunifom da sauƙi in sun kawo yadi, na kwatanta masa shagon wani ƙanina.